Tsuneo Mai Gangar Bayan Raga

A Kazeura, garinmu na bakin teku, in ka ce kana neman Hatakeyama sai a tambaye ka wanne, don kusan rabin garin sunan da suke amsawa ke nan. Amma in ka ce Tsuneo mai ganga, ko yaron da aka aika sayen mai zai nuna maka gidan, can bayan kasuwar kifi inda hanya ta fara hawa tudu. Gajere ne kakkaura, kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda dukan ganga, shi ya sa in yana maka magana sai ka ɗauka faɗa yake yi. Sau da yawa ma faɗan yake yi.

Da kuruciyarsa a masana'antar gwangwanin kifi yake aiki, kamar ubansa. Masana'antar tana da ƙungiyar ƙwallo, wadda ma'aikata ke bugawa ranar Lahadi don su miƙe ƙafa. Tsuneo ya shiga a matsayin ɗan baya, kuma Allah ya sani ya yi iya yinsa, sai dai in ya kai wa ƙwallo hari yawanci ƙwaurin mutum yake samu. Wata rana koci ya ja shi gefe ya ce masa, cikin ladabi, ƙungiya za ta fi cin moriyarsa a wajen layi. Da wani ne, da ya yi fushi ya koma kamun kifi da ƙugiya. Shi kuwa Lahadin da ta biyo sai ga shi ya mirgino wani tsohon durom na gishiri, ya kafa shi a bayan raga, ya yi ta jibga har aka tashi. Daga ranar bai ƙara tsayawa wani wuri a filin ba.

Sai kifi ya ja baya a teku, aka rufe masana'anta, samari suka kwashe kayansu suka nufi birane. Kowa ya ɗauka ƙungiyar ta mutu tare da uwarta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tsuneo da wasu tsofaffin abokan aikinsa su ne suka riƙa yanke ciyawar filin, su zana layi da farar ƙasa, matansu su wanke riguna. An yi lokacin da 'yan wasan da ke cikin fili sun fi 'yan kallo yawa. Duk da haka, in alƙali ya hura tashi, ci aka yi ko an sha kashi, sai 'yan wasan su tako har bayan raga, su jeru, su rusuna wa Tsuneo da 'yan tsofaffinsa. Su kuma su amsa da tafi da ganga. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, haka aka tarar ana yi ko'ina, haka kuma ake yi.

A cikin wannan fatarar ɗansa Yohei ya tashi. Shi kaɗai Allah ya ba su, shi da matarsa Sachie. Yaron ya ɗebo tsayin dangin uwarsa da manyan hannaye, kuma tun yana firamare ba ya son komai sai tsaron raga. Ya tafi jami'a a Sendai, ya gama, wasu ƙungiyoyin birni suka yi masa tayi, ya ce a'a, gida zai koma. Da safe ya ɗauki akwatunan kifi a kasuwa, da yamma ya sa safar hannu ya shiga raga.

To, nan fa halin Tsuneo ya fito fili. Mutumin nan yana son ɗansa so irin wanda ke hana barci, amma ya gwammace a yanka shi da a ce ya nuna. Tsoronsa ɗaya a duniya, kada a ce mai ganga yana kaɗa wa ɗansa. Kowane ɗan wasa yana da waƙarsa da ake rerawa a bayan raga, ta Yohei ce kaɗai Tsuneo ke gajartawa. In wani ya yi kuskure sai ya yi masa ihun ƙarfafa gwiwa, in Yohei ne sai ya ɗaure fuska. A gida ma ba sa zancen ƙwallo. Sachie ta yi mita har ta gaji.

"Baban Yohei, wai kai ɗan maƙwabta ka haifa? Ka ce masa ya yi ƙoƙari mana, bakinka ba zai zube ba."

"Ya san ya yi," in ji shi. "Sai na faɗa masa abin da ya sani?"

Daga dawowar Yohei ƙungiyar ta fara hawa. Ba shi kaɗai ba ne, an samu koci mai kai da 'yan yara masu yunwa, amma kowa ya san raga a kulle take. Suka fita daga gasar jiha, suka fita daga ta yanki, suka shiga ta ƙasa. Mutanen da suka manta akwai fili a garin suka fara zuwa da 'ya'yansu. Wurin bauta na kan tudu ya ba Tsuneo tsohuwar gangar bikinsu, ya jingine durom. Ranar da za a raba gardamar shiga rukunin ƙwararru, can kudu aka buga, garin duka ya bi su a motoci. Ana dab da tashi aka ba abokan karawa fenareti. Yohei ya tashi sama kamar kyanwa ya doke ta da yatsu. Mutane suka rufe Tsuneo, masu runguma na yi, masu kuka na yi, ana ce masa, "Ɗanka ne fa! Ɗanka!" Ya ce, "Aikinsa ke nan, don haka aka ajiye shi a wurin." Sannan ya zame ya koma bayan motocin ya yi kuka har ya ji jiri. Mutum biyu sun gan shi, kuma a Kazeura mutum biyu sun isa.

Shiga rukunin ƙwararru ya zo da nasa kaya. Aka gina rumfa mai rufi, aka kawo mutane masu kwat su riƙe ƙungiya, aka ɗebo 'yan wasa daga garuruwan da ba su san warin kasuwarmu ba. Bayan raga ya cika da samari masu tutoci, suka naɗa wani Chiba, direban babbar mota, ya riƙa ba da waƙa da lasifika. Amma Tsuneo suka bar wa shugabanci, don ba wanda ke da fuskar da zai ce masa ya matsa.

Kakar farko an tsaya a tsakiyar teburi, aka ce madalla. Ta biyu aka tsira da ƙyar. Ta bana kuwa, Allah kada ya maimaita. Su fara ci, su riƙe har ana shirin tashi, sai a farke a ƙara musu. Aka kori koci, aka kawo wani, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Yohei shekaru sun fara ja, gwiwarsa ta dama kullum a naɗe. Wata rana ana ruwa wata ƙwallo marar ƙarfi ta sulale ta ƙarƙashin cikinsa ta shige, filin ya yi tsit. Wannan ƙwallon ce kowa ya riƙe, aka manta da duk waɗanda ya tare. Haka mutane suke, kuma mu a Kazeura ba mu fi kowa ba. Ana saura wasa ɗaya a rufe kaka, suka je waje aka lallasa su, faɗuwa rukunin gajiyayyu ta tabbata.

Magoya baya suka kira taro da la'asar a shagon taliyar Oikawa, wata tsohuwa da ta wanke rigunan ƙungiyar tun zamanin durom. Chiba ya miƙe, idonsa ja.

"Ranar Lahadi za mu yi waƙa har a tashi, wannan haƙƙin rigar ne. Amma in suka zo rusunawa, kowa ya juya musu baya. Ba tafi, ba ganga. Mu tsaya haka har su bar fili. Masu kwat su gani, su san ranmu ya ɓaci."

"Masu kwat ne za su zo rusunawar?" in ji Oikawa daga bayan tukunya. "Kai dai Chiba, kanka kamar motarka yake, sai an yi baya-baya yake shiga kwana."

Aka yi 'yar dariya, amma ba ta yi nisa ba. Kowa Tsuneo yake kallo. Shi kuwa ya tsura wa kwanonsa ido. A ransa bai so ba. Shekara da shekaru bai taɓa barin rusunawar ɗan wasa ta faɗi ƙasa ba.

"Ba a yi mana haka a da ba," ya ce.

"A da ba a zubar mana da mutunci haka ba, Shugaba," in ji Chiba. Sannan ya sassauta murya, wadda ta fi ihun ciwo. "Amma mun gane. In abin zai yi maka nauyi, ka zauna a gida ranar. Ba wanda zai ga laifinka. Gola ai jininka ne."

Ga wanda ya san Tsuneo, an gama. Da Chiba ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya ture kwanon, ya miƙe, wuyansa ya kumbura.

"Ni za ka tausaya wa? Tun kana tsumman goyo nake tsaye a bayan ragar nan! Ni zan fara juyawa. Kuma duk wanda ya waiwaya kafin su fita, kada ya ƙara tsayawa kusa da gangata."

Oikawa ta ajiye ludayi ta ce, "Tsuneo, magana zarar bunu ce fa."

"Na zara," ya ce, ya fita bai gama cin taliyar ba.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Sachie ba ta ce komai ba sai ranar Asabar, yana zaune yana ɗaure igiyar ganga. Ta zo ta durƙusa kusa da shi, ta ɓangaren kunnen mai ji.

"Baban Yohei, ban taɓa roƙonka komai a kan ƙwallon nan ba. Gobe kada ka juya."

"Saboda me?"

"Saboda na roƙe ka."

"Wannan ba dalili ba ne. Shi ya aiko ki?"

"Bai aiko ni ba."

"To ki bar maganar. In na ƙi juyawa don ɗana yana cikin layi, da wane ido zan kalli iyayen sauran? Na riga na faɗa a gaban mutane."

Ta tashi ta koma kicin. Ya ji tana wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Lahadi ta zo da sanyi mai shiga ƙashi, dusar ƙanƙara tana sauka jefi-jefi. Wasan ba abin da zai canja, amma Yohei ya buga kamar ransa aka ɗora a kai. Ya tare ta sama, ya tare ta ƙasa, ya faɗa ƙafafun ɗan gaba ya tashi yana ɗingishi, ya ƙi a canja shi. Tsuneo yana ganin komai, gabansa na faɗuwa duk lokacin da gwiwar nan ta daki ƙasa. Aka tashi ba wanda ya ci wani. Rabon da a tashi ragarsu ba ƙwallo har an manta.

'Yan wasan suka gaisa da abokan karawa, suka kamo hanyar bayan raga. Tsuneo ya ajiye sandunan ganga a kan fatar, ya juya. Ya ji sauran suna juyawa a gefensa, rigunan sanyi suna ƙara. Abin da ke gabansa yanzu katangar siminti ce da tallan wani kamfanin taya. Ya ji takun takalma a kan ciyawa, ya ji sun tsaya. Kyaftin ya ba da umarni, muryoyi suka haɗu suka yi godiya. Ba wanda ya amsa. Can sai takun ya fara komawa.

Ya ɗauka an gama, amma Chiba bai ba da alama ba. Daga babbar rumfa wani irin gunaguni ya taso, kamar mutane suna nuna wa juna wani abu. Sai ya ji murya a bayansa, kusa, dab da shingen.

"Baba."

Tun da Yohei ya sa rigar ƙungiyar bai taɓa kiransa haka a fili ba. Tsuneo ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi a ƙirji. Ƙafarsa ta motsa da kanta. Amma ta wutsiyar ido ya ga Chiba a damansa, ya ga samarin da ya yi wa barazana da bakinsa, duk sun ƙame suna jiran su ga abin da tsoho zai yi. Ya ce a ransa, yaron nan so yake ya karya ni a gaban mutane, ya bari mu je gida mana. Ya dafe ƙarfen da ke gabansa ya ƙanƙame.

"Baba," aka sake cewa, a hankali.

Bai juya ba. Bayan wani lokaci ya ji taku ɗaya yana nisa, ƙafa ɗaya tana jan ɗaya.

Ya koma gida kafin duhu, ganga a bayan ƙaramar motarsa. Har da ɗan alfahari a ransa, irin na wanda aka cire wa haƙori bai yi ƙara ba. Ya tarar da Sachie zaune ba ta ko cire rigar sanyinta ba. Ita a babbar rumfa take zama, ta ga komai.

"Tun ranar Litinin suka kira shi ofis," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ba za su sabunta masa kwantiragi ba. Likita kuma ya ce gwiwar ta gama. Wasansa na ƙarshe ke nan, ba a nan kaɗai ba, ko'ina."

Tsuneo ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Ya sa na rantse ba zan faɗa maka ba. Ya ce in ka sani, ko dai ka karya maganarka ka tsani kanka, ko ka cika ta kana sane. Ya ce gara ya faɗa maka da bakinsa a wurin, bayan an gama komai." Sannan ta ci gaba. "Sauran suka ɗago suka tafi, shi ya tsaya a sunkuye. Shi kaɗai, gaban mutanen da suka ba shi ƙeya. Ƙanƙara tana taruwa a bayansa. Duk filin ya gani, har baƙin da suka zo daga wani gari. Kai kaɗai ne ba ka gani ba."

Ya zauna a bakin dakalin ƙofa.

"Na ga ya matso ya yi magana," ta ce. Sai yanzu ta dube shi, kuma a idonta akwai roƙo. "Ta hagunka ya tsaya, ko? Kunnen ne bai ji ba?"

Ƙofa ce ta buɗe masa, da ya bi ta da ita ma ta samu abin riƙewa. Amma Tsuneo, duk taurin kansa, bai iya ƙarya ba.

"Na ji," ya ce.

Ta tashi ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Kwanakin da suka biyo ya ɗauki waya ya ajiye ya fi a ƙirga. Ya shirya maganar a bakinsa, ya gyara, ya sake gyarawa. Mutumin da bai taɓa ce wa ɗansa sannu ba, ta ina zai fara da ban haƙuri? Chiba ya zo har gida fuska a ƙasa, Tsuneo ya ce masa ba laifinsa ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce wa kansa yaron zai zo cin abinci kamar kullum, in ya zauna ya sha miya maganar za ta fito da kanta.

Ya zo kuwa, wata ranar Alhamis da hantsi. Duk ɗan wasan da zai bar ƙungiya yakan zaga ya yi sallama da waɗanda suka tallafa masa, shaguna da kamfanoni da shugaban magoya baya. Tsuneo ya karɓi irin wannan sallamar ba adadi. Da ya buɗe ƙofa sai ya ga Yohei cikin baƙar kwat, riƙe da kwalin alewa a naɗe, motar ƙungiya tana jiransa a bakin hanya ba a kashe ta ba. Tsuneo ya matsa gefe ya ba shi hanya. Yohei bai cire takalmi ba.

Ya miƙa kwalin da hannu biyu, ya ja da baya, ya rusuna daidai yadda ake yi, ba ƙari ba ragi.

"Shugaba, na gode da goyon bayan da kuka ba ni tsawon shekarun nan. Ku yi haƙuri ban iya riƙe muku ƙungiyar a sama ba."

Babu fushi a muryar, kuma wannan ne ya fi kashe Tsuneo. Duk abin da ya shirya ya ɓace masa. Ya ji Sachie a bayansa ta riƙe numfashi. Ya buɗe baki, sai bakin ya ɗauko abin da ya saba faɗa wa kowane ɗan wasa a wannan ƙofar.

"Sannu da ƙoƙari," ya ce, shi ma ya rusuna.

Yohei ya ɗago, ya ɗan jira kaɗan ko akwai saura. Sannan ya gaida uwarsa da kai, ya sauka tudun yana jan ƙafa, don akwai sauran gidajen da zai je.